Emmy Noether: Malamar da ta shekara 15 tana koyar da lissafi a jami'a babu albashi

Ɗalibin da ya shiga sashen lissafi na jami'a, a Zariya yake ko a Nsukka ko a Tokyo, yakan kai ga wani darasi da lambobi ke ja da baya a cikinsa, a koma maganar rukuni da zobe da fili, wato nau'o'in tsari da ake iya yin tarawa ko ninkawa a cikinsu. Wannan darasi shi ne aljabarar zamani, kuma ɗalibai da yawa suna tsoronsa. Tsarin da ake bi wajen koyar da shi, daga abin da ake farawa da shi har zuwa irin tambayoyin da ake yi, ya samo asali ne daga wani ƙaramin aji a garin Gottingen na ƙasar Jamus, shekara ɗari da suka wuce. Malamar ajin, Emmy Noether, ta shekara 15 tana koyarwa a jami'o'i biyu kafin a fara ba ta ko ƙwandala, kuma har aka kore ta daga Jamus ba ta taɓa zama cikakkiyar farfesa ba.

An haifi Amalie Emmy Noether ranar 23 ga watan Maris na shekarar 1882 a Erlangen, wani garin jami'a a yankin Bavaria. Mahaifinta, Max Noether, farfesan lissafi ne a jami'ar garin, wanda cutar shan inna ta naƙasa shi tun yana ɗan shekara 14. Mahaifiyarta, Ida Kaufmann, 'yar gidan attajiran Yahudawa ce na birnin Cologne. Emmy ce babba, ƙannenta uku duk maza. Ta yi karatun da ake ba 'yan matan gidajen masu hali a zamanin: harsuna, kaɗa fiyano, girki da kula da gida. A shekarar 1900 ta ci jarrabawar zama malamar Ingilishi da Faransanci da sakamako mai kyau ƙwarai. Aikin koyarwa a makarantar 'yan mata yana jiranta, amma ta nufi jami'a.

Shekara biyu kafin nan, majalisar malaman Jami'ar Erlangen ta bayyana cewa haɗa maza da mata a aji zai rushe duk wani tsarin ilimi. Saboda haka ba a yi mata rajista ba. Abin da aka yarda shi ne ta zauna ta saurara, shi ma sai ta nemi izinin kowane malami ɗaya bayan ɗaya. Su biyu ne kaɗai mata cikin ɗalibai 986. A watan Yuli na 1903 ta ci jarrabawar shiga jami'a a Nuremberg, ta yi zango guda a Gottingen tana sauraron laccocin David Hilbert da Felix Klein da Hermann Minkowski, sannan da Bavaria ta sassauta dokarta ta koma gida aka yi mata rajista a watan Oktoba na 1904.

Malamin da ya duba aikin digirin digirgir ɗinta shi ne Paul Gordan, abokin mahaifinta, dattijon da ya yi suna wajen lissafi mai tsawon gaske, irin wanda ake cika shafuka da alamomi kafin a kai ga amsa. Ta bi sawunsa. Kundin da ta kammala a 1907 ya ƙare da jerin siffofi 331 da ta lissafo ɗaya bayan ɗaya, kuma ya samu yabo mafi girma. Daga baya ita da kanta ta riƙa kushe wannan aiki, tana ɗaukarsa tarin shirme. Wanda ya san abin da ta zama zai fahimci dalili: sauran rayuwarta ta ƙare ne wajen nuna cewa yawancin irin wannan wahala ba a bukatarta idan aka gano ainihin tsarin da ke ƙarƙashin matsalar.

Daga 1908 zuwa 1915 ta yi aiki a cibiyar lissafi ta Erlangen ba muƙami, ba albashi. Idan jikin mahaifinta ya matsa, ita ke shiga aji a madadinsa. Ta duba ayyukan ɗaliban digirin digirgir, amma a takarda sunan mahaifinta ke fitowa. A wannan tsakani ne Ernst Fischer, wanda ya zo Erlangen bayan Gordan ya yi ritaya, ya karkato da ita zuwa salon Hilbert, salon da ya fi damuwa da dalilin da ya sa abu ya zama gaskiya fiye da lissafo shi. Suna gari ɗaya, amma ta riƙa aika masa katin gidan waya ɗauke da ci gaban muhawarar da suka fara da baki.

A 1915 Hilbert da Klein suka gayyace ta Gottingen, wadda a lokacin ita ce cibiyar lissafi ta duniya. Suna bukatarta. Albert Einstein yana kammala nazariyyarsa kan nauyi da sarari da lokaci, kuma akwai wani ƙulli da ya dame su: a cikin sabuwar nazariyyar, tsohuwar dokar nan da ke cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya sauya kama, ba ta fitowa yadda aka saba. Noether ta warware ƙullin, kuma a hanya ta gano abin da ya fi ƙullin girma. Ta tabbatar da cewa duk inda dokokin halitta suka ƙi sauyawa ta wata fuska, to akwai wani adadi da ba ya ɓacewa. Tun da gwajin da aka yi yau zai ba da sakamako ɗaya da na gobe, makamashi yana nan a adane. Tun da gwajin da aka yi a wannan ɗaki daidai yake da na wancan, ƙarfin tafiyar abubuwa yana nan a adane. Dokokin da masana suka daɗe suna ɗauka a matsayin abubuwa daban-daban sai ga shi uwarsu ɗaya. An buga aikin a 1918, kuma har yau babu ɗalibin fiziks mai zurfi da zai kauce masa. Klein ne ya gabatar da shi a gaban ƙungiyar masana ta Gottingen, domin ita ba mamba ba ce.

Duk da haka jami'ar ta ƙi ba ta izinin koyarwa. A tsarin Jamus, mai digirin digirgir sai ya sake wata jarrabawa kafin ya samu damar yin lacca da sunansa, kuma wata dokar 1908 ta hana mata wannan jarrabawa a Prussia. Malaman lissafi sun nemi a yi mata togaciya. Malaman tarihi da na harsuna, waɗanda suke tsangaya ɗaya da su, suka tashi tsaye. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai wani daga cikinsu ya kawo hujjar cewa sojojin da za su dawo daga fagen daga ba za su ji daɗin tarar da kansu suna ɗaukar karatu a gaban mace ba. Ana ruwaito cewa Hilbert ya fusata, ya tuna musu cewa majalisar jami'a suke zaune, ba gidan wanka ba, inda ake raba maza da mata. Ma'aikatar ilimi ta ƙi amincewa. Dabarar da Hilbert ya yi ita ce ya riƙa sanar da darussa da sunansa, a rubuta cewa Noether mataimakiya ce, ita kuma ta shiga ta koyar. Haka aka yi har yaƙi ya ƙare, danginta ne ke biyan kuɗin ɗakinta da abincinta.

Faɗuwar masarautar Jamus a ƙarshen 1918 ta sauya dokoki, aka ba mata 'yancin zaɓe, ita ma a watan Yuni na 1919 ta samu izinin koyarwa da sunanta. Izini ne kawai, babu albashi a cikinsa. A 1922 aka ƙara mata wani laƙabin farfesa na girmamawa wanda shi ma ba ya ɗauke da kuɗi ko fansho. Sai a 1923, tana da shekara 41, aka ba ta kwantiragin koyar da aljabara da ɗan abin hasafi, a shekarar da kuɗin Jamus ya zube ƙasa warwas. Ta saba da rayuwar ƙanƙan da kai, kuma ko da abin hannunta ya ɗan ƙaru ba ta sauya ba.

A waɗannan shekaru ne ta yi aikin da masana lissafi suka fi girmama ta da shi. Kowa ya san ana iya tara lambobi, a ɗebe, a ninka. Haka ake yi da jimlolin aljabara na sakandare masu ɗauke da x. Haka ma ake yi da awannin agogo, inda ƙarfe 9 idan aka ƙara mata awa 5 take zama ƙarfe 2. Magabata sun riƙa nazarin kowanne daban, da dabarunsa daban. Noether, tana bin sawun Richard Dedekind wanda ta ɗauka a matsayin babban malaminta ta hanyar littattafansa, ta ce a manta da ko lamba ce ko jimla, a dubi ƙa'idojin da suke bi kawai. Duk tsarin da ya cika waɗannan ƙa'idoji ana kiransa zobe, kuma abin da aka tabbatar game da zobe ya hau kan dukkansu a lokaci guda. A maƙalarta ta 1921 ta ware wani sharaɗi guda mai sauƙin faɗa. Ɗauki 24, ka nemi lambar da ke raba ta, ka samu 12, daga nan 6, daga nan 3, daga nan 1, sai tafiya ta tsaya. Ba a iya ci gaba har abada. Ta nuna cewa duk zoben da irin wannan sarƙa take tsayawa a cikinsa yana da siffofin da a da ake shan wahalar shafuka masu yawa kafin a tabbatar da su a misali guda. Wani sakamako da Emanuel Lasker, zakaran wasan dara na Turawa na duniya, ya tabbatar da doguwar hanya a 1905, ya fito a hannunta a taƙaice kuma ya fi faɗi. Irin waɗannan zobba har yau da sunanta ake kiransu.

Ajin da take koyar da wannan abu ba ya yi wa kowa daɗi. Ba ta shiga da shiryayyen darasi. Tana magana da sauri ƙwarai, da ƙarfi, tana rubutu tana gogewa, gashinta na warwarewa ba ta kula ba. Sau da yawa abin da take koyarwa ba ta gama warware shi ba ita kanta, a gaban allo take tunaninsa, ɗalibai suna kallon yadda ake kuskure a dawo a sake hanya. Baƙon da ya leƙo don jin sunanta yakan fice bayan rabin awa ya rasa inda aka dosa. Ko a yau, da za a raba wa ɗalibai takardar auna malami, da wuya ta samu maki mai yawa, kuma ba za a ce ɗaliban sun yi mata ƙarya ba. Wanda bai zo da shiri ba, ba abin da zai ɗauka a wurinta.

Waɗanda suka jure kuwa sun samu abin da shiryayyen darasi ba ya bayarwa. Ta ɗauke su abokan aiki tun kafin su cancanta, tana jefa musu tambayoyin da ba a san amsarsu ba. Wasu daga cikin muhimman ra'ayoyinta a cikin lacca suka fara fitowa, ɗalibai suka rubuta, wasu suka faɗaɗa suka buga da sunayensu, ita kuma ba ta nemi a ambace ta ba. Karatun ba ya ƙarewa da ƙarar ƙararrawa. Takan ja su doguwar tafiya a ƙafa cikin dazuzzukan da ke kewaye da garin ana muhawarar aljabara, ko su taru a ɗan ɗakinta na saman bene. Wata rana da aka rufe ginin sashen saboda hutun gwamnati, ta tara su a bakin matakala, ta bi da su ta cikin daji zuwa wani shagon shan gahawa, a can aka yi darasin. A garin ana yi wa wannan ayari laƙabi da yaran Noether, ko da yake wadda ta fara kammala digirin digirgir a hannunta a Gottingen mace ce, Grete Hermann. Cikin ayarin akwai Max Deuring da Hans Fitting da Ernst Witt, akwai Jacob Levitzki wanda ya koma Birnin Ƙudus ya koyar, da Chiungtze Tsen daga ƙasar Sin, da Kenjiro Shoda wanda ya koma Japan ya zama ɗaya daga cikin iyayen aljabara a can.

A 1924 wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai shekara 21, Bartel van der Waerden, ya iso Gottingen. Yana da baiwar da malamar ba ta da ita, wato iya shimfiɗa magana dalla-dalla. Ya haɗa abin da ya koya a ajinta da abin da ya ji a laccocin Emil Artin a Hamburg, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a 1930 da 1931 mai suna Moderne Algebra, kuma ya rubuta a shafin farko cewa daga laccocin mutanen biyu ya ɗebo. Littafin ya bazu, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, marubutan da suka biyo baya a Faransa da Amurka suka ɗauki tsarinsa. Ta wannan hanya ce ajin da mutane ƙalilan ke iya zama a cikinsa ya zama manhajar jami'o'in duniya. Tasirinta ya tsallaka har wani fannin da ba nata ba. Pavel Alexandrov na Mosko, wanda ke zuwa Gottingen kusan kowace bazara, da abokinsa Heinz Hopf suna nazarin siffofin sarari, tana zama a laccocinsu, ta ba su shawarar su daina ƙirga ramukan siffa da lambobi kawai, su dube su a matsayin rukuni. Shawarar ta zama ginshiƙin fannin. A lokacin sanyin 1928 zuwa 1929 ta je Jami'ar Mosko ta koyar.

Shekarar 1932 ita ce ƙololuwar darajarta. Ta raba kyautar Ackermann-Teubner da Artin, ɗalibanta suka yi mata bikin cika shekara 50, kuma a watan Satumba ta gabatar da ɗaya daga cikin manyan jawabai a taron masana lissafi na duniya a Zurich, mace ta farko da aka ba wannan dama. A gida kuwa matsayinta bai motsa ba. Ba a zaɓe ta cikin ƙungiyar masana ta Gottingen ba. Tana tace maƙalu wa babbar mujallar Mathematische Annalen, sunanta ba ya cikin jerin editoci. Hermann Weyl, wanda ya gaji kujerar Hilbert a 1930, ya bayyana daga baya cewa yana jin kunyar riƙe muƙamin da ya fi nata alhali ya san ta fi shi ta fuskoki da yawa, kuma ya yi ƙoƙarin a gyara a ma'aikata bai yi nasara ba. Kasancewarta mace ba shi kaɗai ne cikas ba. Bayahudiya ce, mai ra'ayin gurguzu-gurguzu, mai ƙin yaƙi, kuma tafiyarta Mosko ta ƙara mata baƙin jini a wurin wasu.

Adolf Hitler ya hau mulki a ƙarshen watan Janairu na 1933. Ranar 7 ga Afrilu aka kafa dokar da ta ba da damar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, kuma kafin watan ya ƙare Noether tana cikin rukunin farko na malaman Gottingen da aka dakatar. Izinin da ta yi shekara huɗu tana jira aka janye shi da takarda guda. Ɗalibanta da abokan aikinta sun rubuta wa ma'aikata takardun roƙo, ba a saurare su ba. Ita kuwa ta mayar da ajin ɗakinta, ta ci gaba da koyarwa. Wani ɗalibinta ya taɓa zuwa wannan zama sanye da kakin dakarun jam'iyyar Nazi, ba ta kore shi ba, aka ci gaba da darasi. Waɗanda suka zauna da ita a wannan bazara sun shaida cewa damuwarta ta fi karkata ga makomar wasu fiye da tata. Cikin watanni kaɗan sashen lissafin da aka shekara ɗari ana ginawa tun zamanin Gauss ya watse: Richard Courant ya tafi, Weyl ya tafi, aka hana Edmund Landau shiga aji.

Wurin da ya karɓe ta shi ne Bryn Mawr, wata ƙaramar kwalejin mata a jihar Pennsylvania ta Amurka, da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Ta isa a ƙarshen 1933. Shugabar sashen lissafi, Anna Pell Wheeler, ta taɓa karatu a Gottingen, ta san ko wace ce ta zo musu, ta kuma shirya ɗalibanta tun kafin isowarta. A karo na farko Noether ta samu kanta a sashen da mace ke shugabanta, ɗalibanta ma mata ne. Su huɗu ne a zaman bincikenta: Ruth Stauffer, Marie Weiss, Grace Shover da Olga Taussky. Ingilishin da ta ci jarrabawarsa shekara 33 da suka wuce ya yi mata rana, ko da yake Jamusanci yakan kutso idan muhawara ta yi zafi. Littafin da suka fara karantawa shi ne na van der Waerden, wato ta koma koyar da darasinta daga rubutun ɗalibinta. Daga 1934 kuma takan hau jirgin ƙasa kowane mako zuwa Princeton ta yi lacca a Cibiyar Nazari Mai Zurfi, inda Einstein da Weyl suke. Jami'ar Princeton da ke maƙwabtaka da cibiyar ba ta ɗaukar mata a lokacin, kuma ta lura da hakan.

A bazarar 1934 ta koma Jamus a taƙaice, ta kwashe kayanta, ta yi sallama da ƙanenta Fritz, shi ma farfesan lissafi da aka kora daga Breslau. Shi ya zaɓi gabas, ya karɓi aiki a Tomsk cikin Siberiya. An kama shi a 1937 a zamanin Stalin bisa zargin leƙen asiri, aka harbe shi a 1941, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 kotun Tarayyar Soviet ta wanke shi.

A watan Afrilu na 1935 likitoci suka gano ƙari a mararta, aka yi mata tiyata. Kwana uku tana samun sauƙi, a na huɗu zazzaɓi mai tsanani ya rufe ta, ta rasu ranar 14 ga Afrilu tana da shekara 53. Mutane ƙalilan ne suka san ba ta da lafiya. A farkon watan Mayu jaridar New York Times ta buga wasiƙar Einstein, inda ya sanya ta a gaban duk matan da suka yi lissafi tun da aka buɗe musu ƙofar jami'a. A Jamus, van der Waerden ne ya yi ƙarfin halin rubuta ta'aziyyarta a Mathematische Annalen. An ƙone gawarta, aka binne tokar a ƙarƙashin barandar ɗakin karatu na Bryn Mawr. Ɗalibarta ta ƙarshe, Ruth Stauffer, tana dab da kammala kundinta lokacin da malamar ta rasu. Richard Brauer, wani ɗan gudun hijirar daga Jamus, shi ya karɓi aikin ya yi mata jarrabawa, ta samu digirinta a wannan shekara.